Kafin Ka Zargi Yaran Shagonka

Ɗana, labari ya iso ni cewa ka saya wa shagon takinka na Funtuwa kwamfuta da manhajar lissafi, ka haɗa har da rumbun hatsi na Malumfashi, amma yara sun bar ta ƙura na hawa, sun koma wa tsohon littafi. An ce ranka ya ɓaci, har kana cewa duk wanda ya guje ta akwai abin da yake ɓoyewa. Ka sassauta tukuna.

Sayen da ka yi daidai ne. Kasuwancin hatsi ya wuce zamanin da mutum zai riƙe komai a ka. Masara na tashi daga Ɗandume da Bakori zuwa Dawanau da Legas, kuɗinta na shigowa ta waya, kuma tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 manomin da bai taɓa taka banki ba ya san POS. Ga tashar tsandauri da aka buɗe a Funtuwa a 2024. Duk mai son kayansa su bi ta nan, takarda za a nema a hannunsa. Rubuta ciniki kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Abin tambaya shi ne, wa ya koya musu? Na san yadda ake yi. Mai sayar da manhaja ya zo da hantsi, ya danna nan ya danna can cikin Turanci, kowa ya gyaɗa kai, kafin la'asar ya kama hanyar Kaduna. Cikin yaranka akwai wanda zai lissafa maka kuɗin buhu tamanin da 'yan tiyoyi kafin ka zaro kalkuleta, amma da ya ce bai gane ba a gaban ƙannensa, gara ya yi shiru. Kunya ce ta mayar da shi ga littafi.

Ka tambayi dattawan da suka ga aikin gona na Bankin Duniya da aka fara a Funtuwa wajen 1975. Kafin lokacin, masara abar gonar bayan gida ce, a gasa wa yara. Dawa da auduga ke da gona. Taki da sabon iri sun zo, amma abin da ya shigar da su zukatan manoma shi ne malaman gona da gonakin gwaji a bakin hanya, inda mutum zai tsaya ya ga zangarniya da idonsa, ya yi tambaya, ya dawo wani mako ya sake tambaya. Yau dubi yadda masara ta cika ƙasar nan. Haka za ka bi da yaranka.

Kada ka ɗora musu koyo da kaka, lokacin da tireloli ke layi 'yan dako na jira, ko farkon damina da ake rububin yuriya da maganin feshi. Ka nemi tsakanin Maris da Afrilu, ciniki ya lafa. A fara da abu guda: kaya ya shigo a rubuta, ya fita a rubuta. In hannu ya faɗa, a shiga bashi. Mai koyarwa ya yi da Hausa, da kayan shagon na gaske, kuma ka yi yarjejeniya da shi ya riƙa dawowa. Ka fara da tsohon akawun mahaifinka. Shi ya san wanda ke biya da wanda sai an bi shi gida, kuma in ya karɓa, sauran za su bi. Kuskuren makonnin farko kada ka cire shi daga haƙƙin kowa.

Ita ma manhajar a bincike ta. Takin da ya zo a buhu mai kilo 50 ana sayar da shi a tiya. Manomi kan ɗauki taki a Yuni ya biya da masara a Nuwamba, a farashin ranar. In ba ta iya ɗaukar irin wannan ciniki ba, ko kuwa sabis na ɗaukewa ta tsaya cik, to laifin ba na yaro ba ne, a gyara ta ko a canza.

Saura magana mai nauyi, kuma a kanka take. Kai ne kake bugo waya daga wurin ɗaurin aure ka ce a ba Malam wane buhu biyar, za ka yi bayani daga baya. Kai ne ke zarar kuɗin cefane daga aljihun tebur. Alheri ne, dukiyarka ce, ba mai hana ka. Amma in ba a shigar ba, ƙarshen wata lissafi zai nuna giɓi, kuma sunan yaron da ke kan na'ura zai fito. Yaran sun hango haka tun kafin kai, shi ya sa suke ɗari-ɗari. Ka ba kowa lambar sirrinsa, kai ma ka riƙe taka, ka shigar da naka a gabansu, ko sadaka ce. Sannan ka tara su ka faɗa musu da bakinka cewa ba don a kori kowa aka kawo manhajar ba, kuma mai gaskiya ita ce shaidarsa ranar da kaya ya ɓata.

Ranar da mai koyarwa zai dawo, kada ka tura su kai ka tafi kasuwa. Ka ja benci ka zauna tare da su, ka fara yin tambayar da suke jin kunyar yi. Allah ya sa albarka a nema, ka gaishe min da mutanen gida.