Jiragen ruwa masu ciyar da jiragen yaƙi

Ayarin Bilma ba ya shiga Tenere sai da raƙuman da ke ɗauke da ciyawa da ruwa da guzuri. Jiragen yaƙi na teku ma haka suke. Babban jirgi mai bindigogi, in mai ya ƙare mashi, ya zama ƙarfe bisa ruwa. Don haka kowace babbar rundunar teku tana da jirage na baya. Akwai tankokin mai, akwai masu ɗaukar abinci da harsashi, akwai jirgin asibiti, akwai kuma masu sauke soja a gaɓa.

Abin mamaki, jirgin yaƙi ba ya tsayawa in za ya sha mai. Shi da tankin suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, a harba igiya daga wanga zuwa wancan, a jawo babban tiyo, mai ya yi ta zuba. Buhunan abinci su ma ta igiya suke ƙetarewa. Aiki ne mai hatsari, don ana yin shi har da dare, har cikin iska.

Yaƙin da ya nuna darajar jiragen nan shi ne na tsibiran Falkland, waɗanda mutanen Ajantina ke kira Malbinas. Ran 2 ga Afirilu 1982 sojan Ajantina suka kama tsibiran. Ingila ta ce nata ne, ta tura runduna. Amma tsakaninta da wurin akwai kilomita wajen 13.000, kamar tafiya daga Yamai zuwa Damagaram sau 14. Tasha ɗaya gare su a hanya, wani ɗan tsibiri mai suna Asanshan. Duk abin da soja za ya ci, ya sha, ko ya harba, sai an kawo shi ta ruwa.

Cikin jirage 127 da suka yi aikin, 43 kaɗai ne na rundunar yaƙi. 22 na ma'aikatar taimako ne, wadda Ingila ta kafa tun 1905, kuma matuƙanta farar hula ne. Sauran 62 jiragen ƴan kasuwa ne da gwamnati ta karɓa. Wani jirgin fasinja mai suna Uganda aka shafa mashi farin fenti, ya zama asibiti.

Ran 21 ga Mayu soja suka sauka a San Karlos. Jirage biyu, Fearless da Intrepid, su ne ƙashin bayan saukar. Irinsu na da wani babban ɗaki a ciki, can baya. Ana barin ruwa ya shiga ɗakin, a buɗe ƙofa, sai ƙananan jirage masu shimfiɗaɗɗen gindi su fito ɗauke da soja da motoci, su kai su har bakin rairayi. Ba a bukatar tasha.

Kwana huɗu bayan haka, makami mai linzami ya sami Atlantic Conveyor, wani jirgin kaya wanda ba ya da abin kare kanshi. Mutum 12 suka mutu. A cikinshi akwai tantunan soja da jiragen sama masu saukar angulu. Manya guda huɗu ya kawo, uku suka ƙone, ɗaya kaɗai ya tsira don ya riga ya tashi. Da su aka yi niyyar kwasar soja zuwa Stanley, babban garin tsibiran. Da suka ɓata, sai aka koma ga sawu. Soja suka taka wajen kilomita 90 cikin taɓo da ɗari, kowane da kaya fiye da kilo 35 a baya.

Hasarar ba ta tsaya nan ba. Tun da babu jiragen sama, sai aka ɗauki waɗansu soja ta ruwa cikin jirgin Sir Galahad. Ran 8 ga Yuni ya tsaya a mashigin Fitzroy da rana tsaka, soja na ciki, sauke kaya ya ɗau awoyi. Sakaci ne babba a bar jirgi irin wanga a fili ba mai tsaronshi. Jiragen saman Ajantina suka zo suka jefa mashi bom. Mutum 48 suka halaka, da yawa kuma wuta ta ƙone su ƙwarai. Cikin matattun har da ma'aikatan jirgin ƴan Honkon. Ran 14 ga Yuni sojan Ajantina suka ajiye makamai.

Jiragen saukar soja da aka ƙera daga baya sun fi na wancan zamani girma. Faransa ta gina uku iri ɗaya: Mistral, Tonnerre da Dixmude. Tsawon kowane mita 199 ne, kusan filin ƙwallo biyu. Yana ɗaukar jirage masu saukar angulu 16, kuma da asibiti mai gado 69 a cikinshi. A watan Janairu 2013, lokacin yaƙin Mali, Dixmude ya kwaso soja da motocin sulke daga Tulon ya sauke su Dakar. Daga can suka bi hanyar mota zuwa Bamako.