Yadda ake ɗaura wa a-kori-kura ƙaramar tirela ba tare da an karya mota ko an rasa garanti ba

Daga kaka har ƙarshen rani, hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Dandin Mahe da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega ba ta rabuwa da kaya: gero da dawa, shinkafar fadama, albasa, takin zamani, injin ban-ruwa, tankin ruwa. Mai a-kori-kura in ya ga bodi ya yi masa kaɗan, abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne ya je wurin mai walda a haɗa masa ƙaramar tirela ya riƙa ja, sawu biyu ya koma ɗaya. Dabarar ba ta da laifi. Matsalar ita ce da yawa sukan ɗauka tun da injin yana iya ja, magana ta ƙare. Injin kuwa shi ne na ƙarshen kokawa. Kafin ya gaji, sifirin ya kwanta, birki ya ɗau zafi, ƙafafun gaba sun daina kama ƙasa yadda ya kamata.

A Amurka da Ostireliya, inda mutane ke jan ɗakin kwana mai taya a bayan mota su tafi yawon hutu, akwai wani mahaɗi mai sandunan ƙarfe biyu da ake sa wa don ya raba nauyi tsakanin ƙafafun mota da na tirela. Za mu zo kansa, domin wani lokaci yana da amfani, wani lokaci kuma shi ke jawo wa mutum rigima da kamfanin mota. Amma akwai abubuwan da suka riga shi.

Da farko: nemo lambobin motarka

Buɗe littafin mota, ka kuma duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko farantin da ke cikin bonet. Abu huɗu kake nema: nauyin da motar za ta iya ja, nauyin da aka yarda ya sauka a kan mahaɗi, iyakar nauyin motar kanta da duk abin da ke cikinta, sai iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. In motar 'yar Kwatano ce ta zo ba littafi, lambar shasi ta isa a nemo maka littafin samfurinta a intanet.

Hilux, wadda ita ce ta fi yawa a wannan aiki, tana iya jan har kilo 3,500 a wasu samfura, wasu kuma ƙasa da haka sosai, gwargwadon shekararta da injinta. Sai dai wannan lissafin na tirela mai birkin kanta ne. In ba ta da birki, iyakarta kilo 750, da nauyin tirelar da kayan duka. Yawancin tirelolin da ake haɗawa a garejinmu da ƙafar tsohuwar mota ba su da birki. Tankin ruwa mai lita 1,000 kaɗai tan ɗaya ne, tun ba a sa nauyin ƙarfen da ya ɗauke shi ba. Ka ga ke nan an wuce iyaka tun kafin a ta da mota. Wanda zai riƙa jan abin da ya haura kilo 750 ya fara kashe kuɗinsa a kan birkin tirela, kafin fenti da ado.

Na biyu: inda ake ɗaurawa

Ba a ɗaura tirela a bamba. Mahaɗi na gaskiya a jikin shasi yake zama, a ramukan da kamfani ya riga ya huda domin haka, da notuna masu ƙarfi. Kada ka yarda a yi walda a jikin shasi ko a huda sabon rami, ko da mai waldan ya ce ya yi wa mutum ɗari. Zafin walda yana raunana ƙarfen wurin, tsagewa kuma daga gefen ɗinkin take farawa.

Duba girman dunƙulen ƙarfen da bakin tirela ke hawa. Na Turai da Ostireliya milimita 50 ne. Motocin da suka fito daga Amurka kan zo da mai inci 2, ko wani ƙarami mai inci ɗaya da bakwai bisa takwas, wato wajen milimita 48. A ido duk ɗaya suke. In bakin tirela ya fi dunƙulen girma, rami ɗaya ya isa ya fizge shi. A sa sarƙoƙi biyu a gicciye ƙarƙashin wuyan tirelar, yadda ko ta kuɓuce wuyan zai faɗa kan sarƙa maimakon ya soki kwalta.

Na uku: lodi, wanda shi ne rabin aikin

Duk wanda ya taɓa ganin an danne wa amalanken jaki kaya a baya har jakin ya ɗaga sama yana shure-shure ya san abin da ake nufi. In kaya ya yi baya, wuyan tirela yana ɗaga bayan mota, tirelar kuma ta fara rawa hagu da dama da zarar an ɗan taka. In ya yi gaba da yawa, bayan mota ya durƙushe, gaba ya ɗaga.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce wajen kashi 60 cikin 100 na kaya ya kasance gaba da ƙafar tirela, masu nauyi a ƙasa kusa da ƙafar, a ɗaure su tamau yadda ba za su zame ba. Nauyin da zai sauka a wuya kuma ya kasance wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta. A Amurka sukan kai shi 15, a Turai sukan tsaya ƙasa da 10, amma ko yaya kada ya wuce abin da aka rubuta a littafin mota da jikin mahaɗi.

Wannan ba abin kintace ba ne, aunawa ake yi, kuma sikelin masu sayen hatsi na kasuwa ya wadatar. A tsayar da tirela a wuri mai lebur, a sa duwatsu a tare tayoyinta, a kafa guntun katako a tsaye kan sikeli, tsawonsa ya kai bakin tirelar daidai inda yake zama in an ɗaura ta, sannan a sauke wuyan a kansa a karanta.

Ga misali. Tirela ce mai birki, nauyinta kilo 600, an loda mata buhun taki 20 mai kilo 50. Jimla kilo 1,600, wuya ya kamata ya nuna wajen 160. In ya nuna 60, a dawo da buhu biyu ko uku gaba. In ya nuna 280, a mayar da wasu baya. Wannan kilo 160 ɗin kuma a cikin lodin motar ake lissafa shi, tare da direba da yaran mota da duk abin da aka zuba a bodi. Mutum ba zai cika bodi da albasa har sama ba, sannan ya ce zai ja tirela cike.

Akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba. Mahaɗi yana can bayan ƙafar baya, saboda haka nauyinsa yana yin aikin ɗagawa. A motar da ke da tazarar mita 3 tsakanin ƙafar gaba da ta baya, mahaɗin kuma yana mita 1.2 bayan ƙafar baya, kilo 160 zai rage wa ƙafafun gaba kilo 64, ya ɗora wa na baya 224. Ƙafafun gaba su ke juya mota, su ke yin mafi yawan birki. Shi ya sa sitiyari ke yin sakwa-sakwa a hannu, fitila kuma ta riƙa haska saman itatuwa tana kashe wa mai tahowa ido.

Na huɗu: shin kana buƙatar mahaɗi mai raba nauyi?

Tef ɗin awo zai ba ka amsa. A wuri mai lebur, kafin a ɗaura tirela, auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman tayar gaba, ka rubuta. Ɗaura tirela da kayanta, ka sake aunawa. In gaban bai ɗaga ba sai ɗan kaɗan, motar kuma tana tsaye daidai, ba ka buƙatar komai. A ganina mafi yawan masu jan taki da injin casa tsakanin ƙauyuka a nan za su tsaya, in dai sun gyara lodi.

In gaban ya ɗaga sosai alhali ba a wuce iyaka ba, nan ne sandunan ke da amfani. Kan kowace sanda yana shiga jikin mahaɗi, wutsiyarta kuma a ɗaga ta da sarƙa a maƙale a wuyan tirela. Ɗaurin nan shi ke mayar da wani ɓangare na nauyin zuwa ƙafafun gaba, wani kuma zuwa ƙafar tirela. Yadda ake saitawa: a haɗa tirela a kulle bakinta, a ɗaga wuyan da jak tare da bayan motar, a maƙala sarƙoƙin da ƙidaya iri ɗaya hagu da dama, a sauke jak, a sake aunawa. Abin da ake so shi ne gaban ya dawo aƙalla rabin abin da ya ɗaga. In a da santimita 90 ne ya koma 94, a ɗaure har ya sauko 92 ko ƙasa kaɗan, amma kada ya gaza 90. In an matse fiye da haka, ƙafafun baya ne za su rasa kamun ƙasa. A yi hattara wajen kwancewa, domin sandar tana ɗauke da ƙarfi: a fara ɗagawa da jak tukuna, a kuma kawar da ƙafa daga ƙarƙashinta.

Sandunan ba sa ƙara wa mota ko kilo ɗaya a kan abin da aka ce ta ja. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima tana nan a mai lodi fiye da kima, sai dai ta miƙe ta ɓoye laifin.

Kuma an yi su ne domin kwalta mai santsi. In za ka sauka daga babban titi ka shiga hanyar gona, ko ka tsallake kwalbati mai tudu, ko ka gangara kwari, tsaya ka kwance su. A irin wannan wuri mota da tirela suna lanƙwashewa a tsakiya, sandunan kuma su tura duk wannan ƙarfin cikin shasi da wuyan tirela. Wuyan da aka haɗa da siririn ƙarfe ba ya jurewa. Tirelar da birkinta ke kamawa ta hanyar turowar wuya ita ma ba kowane irin sanduna take karɓa ba.

Na biyar: garanti

Mai 'yar Kwatano ba shi da garantin kamfani, duk abin da ya karye aljihunsa ne. Maganar ta shafi wanda ya sayi sabuwa daga dila, da ƙungiyoyin manoma da ma'aikatu masu motocin aiki. Garantin da aka fi bayarwa shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga zuwa, kuma yana rufe aibin ƙira ne kawai. Lodi fiye da kima, walda a shasi da yanke wayoyin fitila don a ja wa tirela wuta duk suna cikin abubuwan da ake kafa hujja da su a ƙi gyara.

Kamfanoni ba su zama ɗaya ba kan mahaɗi mai raba nauyi. Masu ƙera manyan a-kori-kura na Amurka sukan ce a sa shi in tirela ta kai wani nauyi. Land Rover kuwa ta hana shi a motocinta masu sifirin iska, waɗanda ke daidaita tsayinsu da kansu. Saboda haka kafin ka saya, karanta shafin jan tirela a littafin motarka. In bai fito fili ba, rubuta wa dila tambaya, ka sa lambar shasi da sunan mahaɗin da nauyin tirelar, ka karɓi amsa a rubuce. «Ba komai, Alhaji, sa kawai» da wani ya faɗa maka a waya ba za ta tsaya maka ba ranar da giyabos ya ƙone.

A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa kayan da ba nasa ba, sai in kayan ne suka jawo ɓarnar. A Najeriya akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, da hukumar FCCPC da ake kai wa ƙorafi. Amma ko ina hujja ake nema. Ajiye rasiɗin mahaɗi, hoton yadda aka ɗaura shi, da takardun sabis. Littattafan mota suna lissafa jan tirela da tafiya cikin ƙura a matsayin aiki mai tsanani, wanda ke buƙatar a riƙa canza baƙin mai da wuri, galibi duk kilomita 5,000. Toyota kuma ta ce kada a ja tirela da sabuwar mota sai ta yi kilomita 800 na farko. In motar tana da cikakkiyar inshora, sanar da su ma cewa kana ja.

A kan hanya

Auna iskar tayoyi da safe kafin a yi tafiya, har da na tirela. A bazarar Sakkwato zafi yana haura digiri 40, tsohuwar taya mai ƙarancin iska ba ta kai labari. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar tayar da ta shekara 4 a matsayin wadda ta ƙare aiki. Gwada fitilun birki da sigina na tirela, wani ya tsaya a baya ya duba maka.

Ninka tazarar da ka saba bari tsakaninka da na gaba, ka sauke giya tun kafin gangara, ka shiga gari a hankali, musamman ranar kasuwa da babura da dabbobi ke cika bakin titi. In babbar mota ta wuce ka tirela ta fara rawa, kada ka danna birki, kada kuma ka yi kokawa da sitiyari. Riƙe shi a miƙe, ɗaga ƙafa daga totur, gudu ya ragu da kansa. Da ta lafa, nemi wuri ka tsaya ka dawo da kaya gaba.

Bayan 'yan kilomitoci na farko, in ka taso daga Dandin Mahe, tsaya kafin ka shiga Boɗinga ko Shagari: taɓa tsakiyar ƙafafun tirela ka ji ko sun yi zafi, ka ƙara ɗaure igiyoyi, ka duba makullin bakin tirela da sarƙoƙi, sannan ka ci gaba.