Shin "Next of Kin" Magaji Ne?

Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wata baiwar Allah a Gusau. Ta ce maigidanta ya rasu, kuma a takardar banki sunan ƙanensa ya rubuta a gurbin "next of kin". Yanzu ƙanen ya dage cewa kuɗin nasa ne. Hajiya, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi. Maganar ƙanen nan ba ta da tushe.

"Kin" tsohuwar kalma ce a Turanci mai nufin dangi, "next" kuma a wannan gurbi tana nufin mafi kusa. Ma'anar dai ita ce makusancin mutum. A asibitocin Ingila, idan aka kwantar da majiyyaci, akan tambaye shi wa za a kira in jiki ya tsananta, kuma yana iya ambaton aboki ko maƙwabci. Wanda aka ambata ɗin sanar da shi ake yi, bai zama mai gado ba. Ɓarnar ta faro ne daga yadda muka saba fassara kalmar da "magaji", alhali a Hausa magaji mai haƙƙi ne a dukiya.

Wani zai ce, to ai a Ingilar ma dangi na kusa ne ke cin gado idan babu wasiyya. Haka ne, amma dokar rabon gado ta 1925 ce ta jera su, tun daga mata ko miji da 'ya'ya har zuwa iyaye da 'yan'uwa. Rubuta suna a fom ba ya ɗaga kowa a wannan jeri. Wani kuma zai ce, me ya sa banki ke tambaya? Domin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan mai asusu ya rasu ko aka daina jin ɗuriyarsa. Kafin ya saki kuɗi, sai ya ga takardar kotu.

Ga Musulmi kuwa, Suratun Nisa'i ta riga ta yanka wa kowa kasonsa. Ke Hajiya kina da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, idan marigayin ya bar 'ya'ya, ko rubu'i idan bai bari ba, kuma in da kishiyoyi tare za ku raba. Idan akwai ɗa namiji, ƙanen nan ba ya gadon ko sisi. Ki samu waliyyinki ku je kotun shari'a da takardar shaidar rasuwa da lambar asusun, kada ki sa hannu a kowace takarda kafin nan.