Darasin sofer: mota mai gazuwal ta ƙi tashi da safiyar ɗari



Ɗari ya shigo. Daga Disamba zuwa Janairu, a Maraɗi, Damagaram da Tawa, sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15, wata rana ma ya kusa 10. Lokacin ne kuma kayan lambu ke fitowa. Tumatir ba ya jira. In an loda shi da dare, mota ta ƙi tashi da asuba, kafin a isa kasuwa ta watse, kaya sun fara ruwa. Darasinmu na yau a kan tsohuwar bashe mai shan gazuwal ne, irin su Peugeot 504, Toyota Hilux da Land Cruiser, wadda da rana take tashi bugu ɗaya, da safe kuwa sai an tara yara sun tura.

Ka sani, moter na gazuwal ba shi da tartsatsin wuta irin na esansi. Piston ne ke matse iska, ya maida ta kamar kashi 1 cikin 22 na girmanta, ta ɗau zafi ƙwarai, sai injekter ya fesa gazuwal, ya kama da kansa. Da safe ƙarfen moter ya kwana cikin sanyi, yana shanye zafin nan kafin gazuwal ya kama. Tsohon moter kuma matsinsa ya riga ya ragu. Abin da rana ke rufa wa asiri, ɗari ke tona shi.

Kada ka fara da sayen kaya. Ka fara da kunnenka da idonka. Ka sa karen mota ya tsaya gefen bututun hayaƙi, kai kuma ka murɗa kile kana saurare.

In moter yana juyawa da nauyi, kamar jakin da aka cika wa kaya, fitilun tablo suna dusashewa, to ka dubi wajen batiri. Sanyi yana rage masa ƙarfi, man moter kuma ya yi kauri. Ka cire kawunan batiri, ka kankare farin garin da ya taru, ka ɗaure su tam. Kada ka manta da babbar wayar da ke zuwa jikin moter, ita ce ake yawan mantawa. In akwai abin awon wuta, cikakken batiri yana nuna bolt 12,6. In lokacin bugawa ya faɗi ƙasa da 10, ya gaji ko bai samun caji. Man moter mai lamba 15W40 ya fi mai kauri mai lamba 50 sauƙin juyawa da safe. Ka taka ambireyaji lokacin bugawa. Kada ka riƙe demarer fiye da sakan 15. Ka bar shi ya huta kamar minti ɗaya, in ba haka ba ka ƙone shi, matsala ta zama biyu.

In moter yana juyawa da kyau, kuma farin hayaƙi mai warin ɗanyen gazuwal yana fita, to gazuwal yana isowa, zafi ne babu. Nan ne yawancin matsalar ɗari take, wato bujin ɗumama. Kowane silinda yana da nasa, aikinsa ya yi ja kamar garwashi kafin ka buga. Sofer da yawa ba su jira. A tsofaffin motoci sai an ba shi rabin minti ko fiye, a na baya-baya sakan kaɗan ya isa. Ka jira fitilar tablo ta mutu, ka kashe, ka sake kunnawa, sannan ka buga. In hakan ya taimaka, ka san inda ciwon yake.

Amma fitilar tablo ba shaida ba ce, tana iya kunnuwa alhali wuta ba ta kai ga buji. Ka haɗa ƙwan fitilar mota da waya biyu. Ka dafa waya ɗaya a kan ƙarfen da ya haɗe kawunan buji, ɗayar a jikin moter, wani ya buɗe kile. In ƙwan bai kama ba, ka nemi fizibil ko rele. In ya kama, ka kashe kile, ka cire ƙarfen nan, ka maida waya ɗaya kan batiri wajen alamar ƙari, ɗayar ka taɓa kan buji ɗaya-ɗaya. Wanda bai kunna ƙwan ba ya mutu. A moter mai silinda 4, buji ɗaya matacce yana sa mota ta tashi tana kakkarwa, biyu kuwa sukan hana ta tashi sam. Wajen saye ka tafi da tsohon a hannunka, a duba lambarsa. Buji suna kama da juna, amma wutar da suke ɗauka ta bambanta, wasu Land Cruiser ma bolt 24 gare su. Wanda bai dace ba, ko ya ƙone nan da nan, ko ya ƙi yin ja.

In kuwa moter yana juyawa amma babu hayaƙi ko kaɗan, gazuwal ne bai iso ba. Za ka ji ana cewa gazuwal ya daskare. A nan kudu sanyinmu da wuya ya kai nan. Abin da ya fi faruwa shi ne iska ta shiga ta tsattsagaggen tiyo da dare, gazuwal ya koma tanki. Gwajinsa ba ya cin ko dala. A yawancin motocin nan akwai ɗan pompo na hannu a kan filtir. Kafin ka buga, ka danna shi har ya yi tauri. In ya daɗe kafin ya yi tauri, kuma mota ta tashi nan take, to iska ce. Ka bi tiyo ɗaya-ɗaya, har da ƙananan da ke tsakanin injekter. Ka kwance ƙasan filtir ka zubar da ruwan da ya kwanta, domin gazuwal ɗin bidon yakan zo da ruwa da rairayi. Ka saurara kuma in ka buɗe kile, ko ƙaramin makunnin lantarki na jikin babban pompo yana cewa ƙas. In bai buɗe ba, ko ɗigo ba ya wucewa. Kada ka kai hannu bakin tiyon injekter ana bugawa, ƙarfin feshinsa yana huda fata.

Ƙurar hunturu ma tana toshe filtir na iska, ka riƙa kakkaɓe shi.

Yanzu ga gargaɗi. Hura wuta ƙarƙashin moter, kusa da mai da tiyon roba, ganganci ne. Haka nan tsumma jiƙe da esansi a bakin iska, ko fesa maganin sauro da sauran abin fesawa mai kama wuta. In ya tarar da buji ja, yana fashewa tun piston bai kai sama ba, ya karya zobba ko ya tsaga kilas. Ka sami tafiyar yau, ka rasa moter. Gara ka kwantar da mota a inuwar katanga inda iska ba ta bugu, ka rufe gabanta da bargo ko buhu da dare, ka tuna ka cire da safe.

In batiri, buji da gazuwal duka lafiya, amma farin hayaƙi bai daina ba, to matsi ya tafi. Ka buɗe murfin mai moter na aiki. In hayaƙi na bugowa da ƙarfi, zobban piston sun cinye. Wannan aikin garaji ne. Ka ce makanisiye ya fara daidaita supap, sannan ya auna matsin kowane silinda. A irin waɗannan moter, mai lafiya yana ba da wajen bar 30, wanda ya sauka zuwa 20 ya kai ga a buɗe shi. Ka sa a yi awon a gabanka, ka rubuta lambobin, kafin ka yarda a taɓa babban pompo.