Laburaren Unguwa da Yaron da Ba Ya Son Karatu

Tambaya: Ni uwa ce mai 'ya'ya uku a Kano. Babbar tana aji biyu na babbar sakandare, na tsakiyan yana aji biyar na firamare, autan kuma bana ya shiga aji ɗaya. Damuwata ita ce babu mai taɓa littafi a cikinsu sai jarrabawa ta matso. Na tsakiyan ma in na ce ya karanta mini shafi ɗaya, sai ya yi ta in'ina har ni da shi mu gaji. Kuɗin makaranta da na lesin ba sa barin mu sayi littattafan labarai. Akwai ƙaramin laburare na gwamnati kusa da mu. Na taɓa leƙawa, na tarar da samari maƙil suna karatun JAMB, littattafan kan kanta kuma tsofaffi ne, galibi na Turanci. Akwai amfanin da zai yi wa yarana, ko in haƙura?

Amsa: Allah ya raya su, ya yi musu albarka. Kada ki haƙura tukuna. Abin da kika gani gaskiya ne, sai dai daga bakin ƙofa kika gan shi, kuma laburare wuri ne da ba ya nuna abin da ke cikinsa sai ga wanda ya buɗe baki ya tambaya.

Ga yadda aka yi ƙananan laburarenmu da yawa suka koma haka. Ɗalibin da gidansu babu wuta, babu wurin da zai keɓe daga hayaniyar ƙanne, kujera da shiru yake nema, littafinsa kuwa daga gida yake zuwa da shi. Ba laifi ya yi ba, wurin nasa ne shi ma. Amma in aka ɗauki shekaru babu mai neman littafi daga kanta, babu mai aro, babu uwar da ta shigo riƙe da hannun yaro, sai aikin ma'aikaci ya tsaya ga buɗe ƙofa da rufewa. Littattafan yara kuma, da yake su suka fi saurin yagewa da ɓacewa, akan kulle su a kabad ko a bar su cikin kwalin da suka zo da shi. Ita hukumar da ke sama rajistar masu shiga da ta masu aro take dubawa, in ta ga babu yara a ciki, babu dalilin da zai sa ta aiko da littafin yara. Kowa yana jiran kowa. Wanda ya fi sauƙin kwance wannan ƙulli shi ne mutum irinki.

Ki fara zuwa ke kaɗai, da hantsi, lokacin da wurin bai cika ba. Ki gaisa da ma'aikacin a tsanake, ki gaya masa shekarun yaranki da azuzuwansu, sannan ki tambaye shi kai tsaye ko akwai sashen yara, ko akwai littattafan Hausa, ko ana ba da aro zuwa gida, da kuma abin da ake bukata kafin a yi wa mutum kati. Galibi bai wuce hoton fasfo da shaidar adireshi ko ta makaranta da ɗan kuɗin rajista ba, amma kowane wuri da ƙa'idarsa. Wasu suna ba da aro na mako biyu, wasu sai dai a karanta a ciki. Ki yi wa kowane yaro katinsa da sunansa in sun yarda. Yaro yana ji da abin da aka rubuta sunansa a kai, kuma suna uku a rajista sun fi ɗaya nauyi a idon hukuma.

Ki lura da 'yan lambobin da ke manne a ƙashin bayan littattafan. Yawancin laburaren jama'a suna bin tsarin da wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fitar a 1876, wanda ya kasa ilimi gida goma. Addini yana 200, Musulunci a cikinsa yana 297. Kimiyya tana 500. Sana'o'i suna 600, inda za ki samu noma a 630, kiwon dabbobi da kaji a 636, girki a 641, ɗinki a 646. Adabi yana 800, na Hausa kuma wajen 893 ake ajiye shi, shi ya sa mai sauri yakan wuce bai gan shi ba, don yana can ƙarshen layi bayan tarin na Turanci. Tarihin Afirka yana 960. Wanda ya riƙe waɗannan zai shiga laburaren da bai taɓa shiga ba ya nufi inda yake so.

Yanzu ga na tsakiyan, wanda shi ya fi damuna a cikin ukun. Yaron aji biyar da ke in'ina a shafi ɗaya ba malalaci ba ne. Yawanci abin da ke faruwa shi ne yana kashe duk ƙarfinsa wajen haɗa baƙi da wasali, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Ga shi kuma abin da ake miƙa masa da Turanci yake, harshen da bai gama ji ba, aiki biyu ke nan a lokaci guda: ya fitar da kalmar, ya kuma laluɓo ma'anarta. Wanda karatu ke ba shi wahala haka dole ya guje shi, guje masa kuma shi ke ƙara nisanta shi da iyawa.

Maganin shi ne a raba masa aikin, a fara da Hausa. Rubutun Hausa na boko yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa, da zarar ya haɗa kalmar kunnensa zai gane ta, domin da ita ya tashi. Saurin ido da sabon bin layi da zai samu a nan ba sa tsayawa a Hausa, da su zai shiga Turancin. Na san iyaye da yawa suna tsoron karatun Hausa zai ja yaro baya a makaranta. Ban yarda da wannan tsoron ba ko kaɗan, kuma shi ne ya raba yara masu yawa da jin daɗin littafi tun suna ƙanana.

Ki nemo masa Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, littafi na ɗaya. An wallafa shi tun ƙarshen shekarun 1930 a Zariya, saboda haka tsufan bango bai isa ya sa ki raina littafi ba. Abin da ya sa ya dace da irin yaronki shi ne gininsa: aku ne ke ta kawo wa Musa ɗan Sarki labari bayan labari don ya hana shi fita daga fada, kowane labari gajere ne, ana gama shi a zama ɗaya, ga kuma babban labarin Waziri da makircinsa da ke sa yaro ya so jin na gobe. In ya yi masa nauyi da farko, ki sauko zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ko ma Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, ba tare da kin nuna masa cewa an mai da shi baya ba. In ya fara sakin baki, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga Ruwan Bagaja da rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ga yaro mai son labarin sararin samaniya. Ikon Allah, wanda Abubakar Imam ya rubuta tare da Rupert East, yana bayanin halittu da Hausa mai sauƙi, kuma akwai yaran da tatsuniya ba ta ɗaɗa su da ƙasa amma in an zo maganar dabbobi da taurari sai ka ga sun gyara zama.

Yadda za ki gane littafi daidai da shi: ya buɗe tsakiya ya karanta shafi ɗaya. In ya ci tuntuɓe a kalmomi fiye da biyar, ki ajiye wannan sai gaba, ko ke ki riƙa karanta masa shi. Sannan ku ware minti goma sha biyar zuwa ashirin kullum, bayan magariba ko bayan isha. Ke ki karanta sakin layi ɗaya da murya, shi ya karanta na gaba. In ya kakare, ki ɗan jinkirta, in bai fito da ita ba ki faɗa masa kalmar ku wuce. Ban da tsawa, ban da ƙanensa ko yayarsa su yi masa dariya, ban da yi masa tambayoyi a ƙarshe kamar mai gyaran takardar jarrabawa. Ya isa ki ce, "Kai a ganinka me Wazirin nan zai yi gobe?" Kuma ki bar shi ya maimaita labarin da yake so ko sau nawa ne, maimaitawar ce ke kawo sauri. Ai ba a bar maimaita allo ba har yau saboda dalili.

Autan aikinsa sauƙi gare shi. Littafi mai manyan hotuna, ya zauna a cinyarki, ki bi layi da yatsa yana kallo, ya juya shafi da kansa. Ya kuma zauna kusa in ana yi da yayansa.

Ita kuwa babbar, ina kyautata zaton tana karatu, a waya ne dai, don 'yan mata da yawa suna bin littattafan da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. A cikinsu akwai masu kyau, akwai waɗanda ba za ki so ta gani ba. Ƙwace wayar kaɗai ba zai gyara komai ba, ki ɗora mata abin da ya fi shi a hannu. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, da Wa Zai Auri Jahila na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino duk suna taɓa abin da ke zuciyar mai shekarunta. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma, labarin yaron da aka sace zamanin bauta da uwar da ta bi sawunsa har ƙetaren hamada, na fi so ku karanta shi tare. Ki fara karanta kowanne kafin ki miƙa mata, don ku samu abin hira. Ta kuma tambayi ma'aikacin ko suna ajiye tambayoyin WAEC da NECO na shekarun baya, ta koyi amfani da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ƙamusun Turanci a sashen littattafan da ba a fita da su.

Sai maganar shirye-shirye. Laburare mai rai yakan yi zaman karanta wa yara labari, da ƙungiyar masu karatu, da gasar rubutu ko kacici-kacici lokacin babban hutu. In naku ba ya yin ko ɗaya, kada ki jira takarda ta zo daga hedikwata. Ki samu mata uku ko huɗu daga maƙwabta ko daga Islamiyyarku, ku je tare ku roƙi awa ɗaya a mako da kusurwa ɗaya, ko barandar ma ta isa, don kada ku dami masu jarrabawa. Yammacin Alhamis yakan fi dacewa tunda yawancin makarantun allo da na Islamiyya suna hutu, in lokacin tashin ma'aikata ya ba da dama. Tabarma biyu, littafi ɗaya, da mai karantawa da murya mai daɗi, shi ke nan kayan aikin. Ku riƙa karɓa-karɓa. Babbar taki ma ta karɓi nata makon, don wadda aka ɗora wa karanta wa ƙanana sai ta shirya tun daga gida. Wata rana ku gayyato tsohuwa mai tatsuniya, wata rana malamin makaranta mai ritaya ya ba su tarihin unguwar. Kada yaran su wuce ashirin da farko, kuma kowane zama a rubuta sunayen waɗanda suka zo.

Wannan takardar sunayen ki riƙe ta da muhimmanci. Bayan wata uku, da ita za ku rubuta wa hukumar laburare ta jiha ta hannun ma'aikacin, ku ce ga yara kaza suna zuwa duk mako, muna neman littattafan Hausa da na yara. Ku daidaita kai wasiƙar da 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya, ko 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci, lokacin da hukumomi ke neman abin nunawa. In kuma wani mai hali a unguwa zai ba da gudummawa, ku fara tambayar ma'aikacin abin da babu, a sayo shi, a buga masa hatimin laburare a shigar da shi rajista a gabanku. Kwashe tsofaffin littattafan jami'a daga gida a jibge musu ƙarin ƙura ne kawai.

Kafin littattafan su samu, wayarki za ta toshe wani giɓin. Shafin African Storybook yana da labaran yara masu hotuna da Hausa kyauta, ana iya sauke su a karanta ba tare da intanet ba, ko a buga a shagon kwamfuta a ɗinke. In ƙaramin laburaren ya rasa wani daga cikin littattafan da na ambata, ku ware rana ɗaya a hutu ku je babban laburaren jiha, na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello.

Abu ɗaya kuma game da na tsakiyan: ki kula da yadda yake riƙe littafi. In yana kai shi dab da fuska, ko yana ƙanƙance ido, ko yana kukan ciwon kai bayan karatu, a kai shi asibitin ido a gwada shi kafin komai. In idon lafiya lau ne, kun kuma yi zango guda kuna karatun nan kullum amma har yanzu yana juya haruffa ko yana tsallake layi, ki samu malamin ajinsa ku zauna, ki nemi a haɗa shi da malamin da ya san koyar da masu irin wannan matsala.