Kalma Ɗaya, Ma'ana Da Yawa: Gargaɗi Ga Masu Fassara Wasiƙun Hukuma

Tun da aka kafa Jihar Zamfara a 1996, Gusau ta zama hedkwata, daga can yawancin takardun hukuma ke fitowa zuwa Tsafe da Bunguɗu da sauran ƙasashe, galibinsu kuwa da Turanci. Magatakarda shi ke karanta wa hakimi, ya juya masa da Hausa. To, a nan akwai wani rami da ya kamata a sani, wato kalma guda ta Turanci takan ɗauki ma'ana uku ko huɗu.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Mutum yakan ci tuwo, ya ci kasuwa, ya ci sarauta, ya ci amana. Kalmar ɗaya ce, abin da ke biye da ita ne ke nuna nufi. Haka Turanci yake.

Ga misalai daga cikin waɗanda aka fi gamuwa da su a ofis.

"Head": asalinta kai. Amma "district head" hakimi ne, "village head" dagaci. In aka ce "fifty head of cattle", shanu hamsin ake nufi. A kasafin kuɗi kuma sunan kowane babi ne na abin da za a kashe.

"Charge": a gaban alƙali tuhuma ce, daga nan Hausa ta samo "caji ofis". A takardar ciniki kuɗin aiki ne. Wanda aka ce yana "in charge" kuwa, shi aka danƙa wa riƙon wuri. In aka rikita su, mai riƙon kasuwa ya koma wanda ake tuhuma.

"Fine": wani lokaci tara ce, wani lokaci "lafiya lau".

"Ward": unguwa ko mazaɓa, ko ɗakin majiyyata a asibiti, ko yaron da ke hannun mai riƙo.

"Station": daga gare ta aka samo "tasha", kamar ta jirgin ƙasa da ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Amma ofishin 'yan sanda da gidan rediyo su ma haka ake kiransu.

"Minutes": mintocin agogo, ko rubutaccen bayanin abin da aka zartar a majalisa.

"Sentence": jimla a nahawu, hukunci a kotu.

Saboda haka akwai ƙa'idodi uku ga magatakarda. Na fari, kada ya fara fassara sai ya karanta takarda daga farko har ƙarshe. Na biyu, ya duba daga wane ofis ta fito, gama "charge" ta kotu dabam, ta baitulmali dabam. Na uku, in ya buɗe ƙamus, irin na Turanci da Hausa wanda Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990, kada ya tsaya a kan ma'anar farko, ya bi su duka.

In har shakka ta rage, ya tambayi ofishin da ya aiko kafin hakimi ya sa hannu. Tambaya ba ta rage darajar malami, amma fassarar ganganci takan jawo wa talaka tarar da ba a ci shi ba, ta zubar da girman hakimi a gaban jama'arsa.