Babi na Tara: Ƙarin Ruwa da Ƙidayar Ɗigo

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Asibitin Barau Dikko, ko Asibitin Kawo, ko na Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ya ga ledar ruwa rataye a ƙarfe kusa da gadon mara lafiya. Mukan ce, "An sa masa ruwa." Wannan ruwa magani ne, kuma kowane magani yana da ƙa'ida. In ya yi gudu sai ya cutar. In ya yi nawa sai ya kasa aiki.

Abin da ke cikin leda

Yawancin ledojin da ake ratayawa suna ɗauke da mililita 500, wato rabin lita. Wani ruwan na gishiri ne, giram 9 a kowace lita. Wani na sukari ne. Akan kuma zuba magani a ciki, kamar kunin na zazzaɓin cizon sauro, ko maganin da mata ke kira ruwan naƙuda. Tun shekarar 1832 wani likita mai suna Thomas Latta ya sa wa masu kwalara ruwan gishiri ta jijiya a ƙasar Birtaniya. Daga nan dabarar ta yi ta inganta, ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa.

Kayan ƙarin ruwa

Ka dubi robar da ta sauko daga leda zuwa hannun mara lafiya. A samanta akwai wani ɗan ƙoƙo garai-garai, inda ake ganin ruwa yana ɗiga ɗaya bayan ɗaya. A tsakiya akwai 'yar taya da ake murzawa da babban yatsa. In an murza ta sama, ruwa ya ƙara gudu. In an murza ta ƙasa, ta matse robar, ruwa ya ragu. A ƙarshe akwai allurar roba da ke zaune cikin jijiya, an liƙe ta da filasta.

A jikin takardar da aka naɗe robar an rubuta yawan ɗigon da ke cika mililita ɗaya. A robar manya, galibi ɗigo 20 ne. A ta ƙananan yara, ɗigo 60 ne, domin ɗigonta ƙanana ne.

Mu yi lissafi

A ce likita ya rubuta a ba wani babba leda ɗaya cikin awa 8. Ga yadda nas za ta lissafa:

Mililita 500 sau 20, ɗigo 10,000 ke nan.
Awa 8 sau 60, minti 480 ke nan.
A raba 10,000 gida 480, a sami kusan 21.

Don haka nas za ta riƙe agogo, ta yi ta murza 'yar tayar har ɗigo 21 su faɗo a minti ɗaya.

Me ke sauya gudun ruwa?

Ko an saita shi daidai, gudun ruwa yakan sauya. Kamar tankin ruwa ne a gida: in an ɗora shi can sama, famfo ya fi ƙarfi. Haka leda take. In an ƙara mata tsayi ruwa ya yi sauri, in an sauko da ita ya ragu. In mara lafiya ya lanƙwashe hannu, ko ya kwanta kan robar, ruwa ya tsaya. Ita ma robar takan saki ko ta ƙara matsewa bayan 'yan awoyi. Ga shi kuma nas ɗaya ce ke zagaya gadaje da yawa, musamman da dare.

Ruwan da ya wuce kima yana taruwa a huhu. Jarirai, da tsofaffi, da masu ciwon zuciya ko na ƙoda su suka fi shiga wannan haɗari. Ruwan naƙuda kuwa, in ya yi gudu, yana iya fasa mahaifa.

Kayan da aka ƙera don kiyaye rai

Saboda haka masana suka duƙufa wajen gyara kayan. Na farko shi ne gwangwanin roba mai layukan awo, wanda ake haɗawa tsakanin leda da roba in za a sa wa yaro ruwa. Nas takan zuba masa ruwan awa ɗaya ko biyu kawai. Ko da tayar ta kuɓuce, abin da aka auna ne zai shiga jikin yaron.

Na biyu, injin da ke tura ruwa da kansa bisa adadin da aka danna masa. Aikinsa na da kyau, sai dai yana da tsada, kuma yana buƙatar wuta da mai gyara.

Na uku, ƙananan na'urori masu batir da aka yi domin wurare irin namu. A Amurka an ƙera DripAssist, wadda ake maƙalawa a ƙoƙon ɗigo. Tana ƙidaya ɗigo da haske, ta nuna adadin, ta yi ƙara in gudun ya sauya. A Yuganda, injiniya Philippa Makobore da abokan aikinta sun ƙera wadda ke ƙidaya ɗigo ta kuma daidaita gudun da kanta, ta zo ta biyu a gasar ƙirƙira ta Afirka a 2017. A nan Najeriya ma Taofeek Olalekan ya fito da tasa mai suna RealDrip.

Kaduna na da Jami'ar Jiha, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, da maƙeran Fanteka. In ɗalibanmu suka haɗa kai da likitoci da nas-nas, za su iya ƙera irin waɗannan kaya. Sharaɗi shi ne a gwada su sosai, hukumar NAFDAC ta amince, kafin su kusanci mara lafiya.

Aikin mai jinya

1. Kada ka taɓa 'yar tayar, ko da mara lafiya ya ce ya gaji, a ƙara gudu a tafi gida.
2. Kada ka ɗaga leda ko ka sauke ta.
3. Ka tambayi nas, "Sista, ƙarfe nawa ya kamata ledar nan ta ƙare?"
4. Ka kira ta nan take in ruwa ya tsaya, ko yana zuba babu ɗigo, ko leda ta kusa ƙarewa, ko wurin allura ya kumbura.
5. Ka gaggauta kiranta in ka ga haki, ko tari, ko kumburin fuska, ko rawar sanyi.
6. Kada ka yarda a sa wa naka ruwa a gida ko a shagon kemis. Mai gudawa da ke iya sha, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti.

Tambayoyi

1. Ɗigo nawa ne ke cika mililita ɗaya a robar manya?
2. Faɗi abubuwa uku da ke sauya gudun ruwa.
3. In likita ya ce leda ta ƙare cikin awa 4, ɗigo nawa za su faɗo a minti ɗaya?

Mai karatu, ka koya wa iyalinka wannan darasi. Duk ranar da zaman jinya ya kama ka, ka sa ido a kan ɗigo, ka bar wa nas saitin ruwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.